Na Biyu a Layi

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da zafin kicin, da kaɗawar ruwa. Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya a duk tashar da jirgin ruwanku ya tsaya. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar Mama da ka sani. Yanzu in za ta tashi sai ta dafa bango ta ce wa gwiwar "to, mu je", kamar da mutum take magana. Ta ce in gaya maka ka rage gishiri a girkin mutane, kada su gaji su jefa ka ruwa.

Yaya, ka san tun da mai gidan nan da muke haya ya rasu muke jiran abin da magadansa za su yanke. To sun yanke, sayarwa za su yi. Ba daga bakinsu na ji ba. Na dawo daga aiki na tarar an kafa allon dillali a jikin ƙofarmu. Ko fentin hannuna ban wanke ba na nufi ofishinsa don mu taya. Ya sa na zauna a wata kujera da ta fi tasa gajarta, ya bar ni ina kallon sa yana waya har ya gama, sannan ya ce an riga mu. Wani mai kantin magani ya taya, magada sun sallama, an sa hannu. Allon wai cika ƙa'ida ne kawai. Na ce masa a gidan nan aka haife ni, a cikinsa Baba ya cika. Ya ce haya daban, ciniki daban. Na lura tun da muka fara magana "gidan nan" yake cewa, bai taɓa kuskuren cewa "gidanku" ba.

Har na miƙe sai ya ce akwai wata hanya, mu tsaya na biyu a layi. Sai da na sa ya maimaita mini, ga kuma yadda na gane. Za mu yi namu tayin a rubuce, magada su sa hannu, mu ajiye kafin alƙalami mai kauri a hannun lauya. Mai magani ba da kuɗin hannu zai saya ba, bashin banki yake jira. In bankin ya hana shi, ko ya janye da kansa, gidan ba zai koma kasuwa ba, kai tsaye zai faɗo kanmu a kan farashin da muka rubuta. In kuwa cinikinsa ya tabbata, a mayar mana da abinmu, a ba mu wa'adin tashi. Amma muddin muna tsaye a layin, kuɗin a kulle yake. Wanda ya janye kafin a gama, wani kaso zai bari a wurin.

Abin da ya hana ni amsa masa shi ne akwai wani ƙaramin gida a bayan injin katako, ɗaki biyu, babu matakala ko ɗaya. Mai shi sauri yake yi, kuma abin da ka tara zai isa. Sai dai ba za mu iya riƙe biyun ba. In muka kulle kuɗin a nan, can ya fita hannunmu har sai an kwance. Na kai Mama ta gani. Ta leƙa ɗakunan, ta shafa taga ta dubi garin katakon da ya maƙale mata a yatsa, ta ce ba laifi. An kawo mata kujera ta ƙi zama. Ta tambayi ta ina rana ke shigowa da safe, aka ce ba ta shigowa. Daga nan muka dawo gida.

Guminka ne, Yaya, ni ajiya kawai aka ba ni. Ka faɗi wanda za a yi.

Ƙaninka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Na sami takardarka muna shiga tasha, na karanta ta a tsaye da ludayi a hannu. Ina lafiya, sai dai bayana da ya fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Ka gaida Mama, ka ce mata gishirin nan shi ya riƙe ni a aikin, don mutanen injin jirgin ba sa jin ɗanɗanon komai sai shi.

Je ka sa hannu. Wace irin tambaya ce wannan? Shekarun da na yi ina fere dankali a cikin tangal-tangal ba don in kai Mama ta shaƙi garin katako na yi su ba. Wancan gidan ai akurki ne. Ka ce ta ƙi zama, to me kake so ta gaya maka bayan wannan?

Kuma kada dillali ya tsorata ka da maganar an riga mu. Masu jiran banki na san su, a jirgin nan ma akwai su. Mutum zai yi ta nuna maka hoton gida yana gaya maka inda zai sa gado, in an kwana biyu ka tambaye shi sai ya ce ai unguwar ce ba ta yi masa ba. Banki ba ya ba mutum bashi sai ya tabbatar ba ya buƙata. Mu da kuɗinmu a hannu, mu ne na farko, su ne dai ba su sani ba tukuna.

Ka karanta takardar lauya a hankali kafin ka sa hannu, in ta yi maka nauyi ka kai wa oganka ya duba. Kada ka yi musu irin shirun nan naka su ɗauka ka yarda da komai. Daga nan za mu yi doguwar tafiya, za ka ɗan jima ba ka ji ni ba.

Yayanka

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ya bayan naka? Mama ta ce ka daina ɗaga buhu kai kaɗai, wai kai ba jaki ba ne ko da yake kun yi kama a taurin kai. Damina ta sauka. Mama ta fara ɗan tarin nan nata na kowace shekara, amma tana cin abinci.

Na sa hannu. Ogana ya duba takardar ya ce babu zamba a ciki, sai dai takarda ce ta mai haƙuri. Lauya ya karɓi kuɗin ya ba ni rasit, ya ce sai mu yi ta sauraro.

Mai magani ya zo ganin gida shi da matarsa. Yaya, da na so a ce mugun mutum ne. Siriri ne mai tabarau, ya cire takalmi tun daga ƙofa ba wanda ya ce ya cire. Matar tana da tsohon ciki, da kyar take tafiya. Mama na ganin ta ta tashi daga kan kujerarta ta ba ta, ta sa na kawo ruwa, har da tambayar ta ko ƙafarta na kumbura. Shi kuma yana ta gwada falo da igiyar awo a ɓoye-ɓoye, in na juyo sai ya mayar aljihu. Ɗaki ɗaya suke haya a saman kantin nasu. Ya tambayi wa ya yi fentin falo, na ce ni ne. Ya ce in komai ya kammala zai so in yi masa fentin gidan duka. Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba. Ɗakin Mama kaɗai ba su shiga ba, matar ta ce ba za ta shiga ɗakin babba ba.

Bayan sun tafi na ce Mama ta sa mu a addu'a Allah ya ba mu gidan. Ta ce, "In ce me? In ce Allah ya hana mai ciki wurin sauka?" Ta ce ita dai za ta roƙi zaɓin alheri, in je in yi tawa.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ogana ya ce kafin banki ya saki kuɗi sai ya turo mutuminsa ya duba gidan, kuma ba sa ba da bashi a kan gidan da ruwa ke ci. Ka tuna bangon bayan ɗakin Mama, wanda marigayi mai gidan hayar ya hana mu taɓa rufinsa, kullum yana cewa zai turo nasa ma'aikacin? Bana ya fi kowace shekara. Ya yi baƙi tun daga silin har ƙasa, filastar ta kumbura, in ka danna da yatsa sai ta lotsa. Na janye kabad na ga tsagewa doguwa a bayanta. Duk wanda ya shiga ɗakin, hancinsa zai gaya masa kafin idonsa.

Ka gane ke nan. Bangon nan shi kaɗai ne abin da muke da shi. Amma Mama ta ji cewa baƙo zai shigo har ɗakinta, ta kuma tayar da magana sai na gyara kafin ya zo. Yanzu babu mai hana ni hawa rufin. Na ce ta koma falo da kwana, ta ce ita ba baƙuwa ba ce da za ta kwana a falo. Ina ta ja mata rai da cewa sai ruwa ya ɗauke.

Ka gaya mini in taɓa ko in bari. In kai ka faɗa za ta ji.

Auta

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ban ji daga gare ka ba. Na je ofishin kamfaninku suka ce kuna tsakiyar ruwa, sai kun shiga tasha za a miƙa muku saƙo. Allah ya sa lafiya. Zan faɗa maka abin da ya faru yadda ya faru, ba zan gyara ba.

Dillali ya aiko da ranar da mutumin banki zai zo. Na zaunar da Mama na yi mata bayani dalla-dalla, cewa baƙin nan na bango shi zai iya ba mu gidan. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Wato gidan da sai na zauna cikin ƙazanta zan same shi." Na ce na ɗan lokaci ne. Ta ce, "Namiji baƙo zai shigo ɗakina da takarda a hannu ya rubuta yadda na zauna shekara da shekaru. A karanta a ofis. Ubanku bai taɓa jin kunyar shigo da mutum gidan nan ba."

Na bar maganar. Aka yi ruwa mai ƙarfi kwana da kwanaki, tarin ya sauka mata a ƙirji, tana yi tana riƙe haƙarƙari. Rannan na fita aiki da safe, na manta cokalin gini na dawo ɗauka. Yaya, a kan kujerar tsuguno na same ta a tsaye, da buroshi da bokitin ruwan sabulu, tana dirzar bango. Hannu ɗaya a jikin kabad, filasta na zubo mata a ɗankwali. Na ɗauke ta na sauke. Ta ce in ba zan yi ba in ba ta wuri, ita ba ta haifi wanda zai hana ta wanke ɗakinta ba.

Na ce zan yi. A raina na ƙudura in yi na ganin ido, in shafa fenti a kai ta sami kwanciyar hankali, danshin kuma yana nan a ciki, mutumin banki ya gano abinsa. Da haka na fara. Amma fenti ba ya kama jiƙaƙƙen bango, sai na ce bari in ɗan kankare inda ya kumbura. Ina kankarewa yana biyo ni, har na kai bulo. Da na ga ta inda ruwan ke bi sai na kafa tsani. Indararo ne ya tsage a gindinsa, duk ruwan rufin a cikin bangon yake sauka. Abin da ya ci mana ɗaki tun ina yaro, aikin wuni ɗaya ne. Ina kan tsanin ina jin tarinta daga ƙasa. Na canja indararon. Daga nan kuma ban san inda zan tsaya ba. Na aro fankar ogana ta busar da bangon, na cike tsagewar, na yi sabuwar filasta da maganin ruwa a ciki, na bi da fenti. Ban taɓa barin aiki rabi ba, hannun bai san yadda ake yi ba.

Mutumin banki ya zo da wata 'yar na'ura da yake mannawa a bango. Ya bi ɗaki-ɗaki. A ɗakin Mama ya manna sama, ya manna ƙasa, ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ya rubuta. Ya dubi gadonta da ta gyara tun da sassafe ya ce, "Mama, kin iya riƙon gida." Wunin ranar tana ta fara'a, har waƙa na ji tana yi a kicin. Ni kuwa na zauna a bakin ƙofa na kasa cin abinci.

Dillali ya ce ba a gama ba, banki na da sauran bincike a kan kantin mutumin. Mai ƙaramin gidan can ya aiko yana tambaya ko muna so, wasu sun taya.

Auta

*

Auta,

Takardunka biyu tare aka ba ni. Na karanta ta farko na zauna a take na rubuta maka amsa kafin in buɗe ta biyun. Ga abin da na rubuta, ban yage ba, don ka gani:

"Kada ka taɓa bangon nan. Ko ƙusa kada ka buga. Ka ɗauke gadon Mama ka kai falo ko tana zagin ka, ka ce ni na ce. In ta kama ma ka janye kabad ɗin gaba ɗaya mutumin ya ga tsagewar tun daga ƙofa. Ba ƙarya muka yi wa kowa ba, ba mu muka fasa bangon ba. Allah ne ya ajiye mana shi."

Sai na buɗe ta biyun.

Auta, me na yi maka? Kai da hannunka ka rubuta cewa bangon nan kaɗai muke da shi, ka kuma ce in faɗa maka. Ba ka iya jira ba? Kai da duk gidanmu aka sani da haƙuri, wanda za a aike shi ya wuni a layi bai ce uffan ba, sai a nan haƙurin ya ƙare? Tsohuwa ta hau kujera, sai ka sauke ta ka ɓoye kujerar, ka kulle ɗakin ka sa makulli a aljihu. Ta yi fushin mako, ta huce a gidanta na kanta.

Na koma na sake karanta ta farkon, na ga inda ka ce mai magani zai ba ka fentin gidan duka, ba ka ce e ba, ba ka ce a'a ba. To yanzu na gane. Ka fara yi masa aiki tun kafin ya biya. Ka nuna masa hannunka, ya gani, madalla. Ni ina nan ban ga ƙasa ba wata da watanni, ina ƙona yatsu, kai kana can kana gyara wa wani gida da kuɗin siminti daga aljihunmu.

Ka gaida Mama. Kada ka karanta mata wannan.

Yayanka

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Na sami takardarka, na karanta, ban karanta wa Mama ba. Na ce mata kana gaishe ta, ta ce ai ta san ba iyakar abin da ka rubuta ke nan ba, takarda mai shafi biyu. Tarin ya yi sauƙi sosai. Gwiwa tana nan.

Ban karɓi aikin mai magani ba, kuma ba zan karɓa ba. Na rubuta maka maganar ne don na saba gaya maka duk abin da na gani. Simintin ragowar wani aiki ne ogana ya bar mini, ban taɓa ajiyarka ba. Maganar in kulle mata ɗaki kuwa, Yaya, ka daɗe ba ka tsaya a gabanta ba. Daga nesa abin yana da sauƙi. Ban ce na yi daidai ba. Na san abin da na yi tun ina kan tsani.

Ƙaramin gidan ya tafi. Kafin ya tafi na je wurin lauya na tambayi abin da za mu bari in muka janye. Ya faɗa, na ga in aka cire wannan kason ragowar ba za ta kai ba sai an ƙara, kuma ba ni da izininka. Wani tela ne ya saya. Na bi ta wajen na ga ya fasa taga ta gabas.

Yanzu sai jira. Ban san haka tsayuwa a bayan mutum take ba. Kullum in na taso aiki sai ƙafata ta bi da ni ta gaban kantin maganin, in tsaya a tsallaken titi ina duba ko kantocinsa sun fara yin fanko, ko masu saye sun ragu. Rannan na ga kantin a rufe da rana tsaka, wallahi sai da na ji daɗi a raina. Washegari na ji ashe matar ce aka kai asibiti, ta sauka, an sami mace. Na rasa inda zan sa kaina. Kuma a wurinsa nake sayen maganin tarin Mama, don shi ne kusa. Yakan rubuta mini yadda za ta sha da manyan baƙaƙe a jikin kwalin, ya ce a gaida Mama.

Dillali ya daina ɗaga wayata. In na je ofis sai ya ɗaga mini hannu daga zaune ya ce, "Na biyu, ana nan ana yi." Sunan da ya sa mini ke nan, har masu shagunan kusa sun ɗauka.

Mama ta fara ba da kayanta. Ta ba maƙwabciya manyan tukwanen nan, wai sun yi mata nauyi. Ban tambaye ta ba.

Ƙaninka,
Auta

*

Auta,

Ka yafe mini. Na rubuta waccan takardar ban yi barci ba, kuma ba ni da wanda zan yi wa ihu a nan sai tukunya. Na san ba za ka sayar da mu don gwangwanin fenti ba. Da ni ne a wurin, da mun yi faɗa da ita unguwa ta taru, a ƙarshe kuma in riƙe maka tsanin.

Na tambayi wani a nan da ya taɓa tsayawa irin layin nan. Ya ce in banki ya wuce maganar gini, sauran duk tsawon takarda ne. Don haka kada ka ƙara tsayawa a tsallaken titi, kana ɓata takalminka.

Na sa hannu a sabon kwantiragi, ba zan sauka ƙarshen wannan tafiyar ba. Yadda kake ba ni labarin farashi, abin da muke da shi bana ba zai sayi abin da zai saya bara ba. Kada ka gaya wa Mama tukuna.

Ka je ka ga Gwaggo, ka fara shafa mata maganar ko Mama za ta ɗan zauna wurinta in ta kama. Na san ba sa shan ruwa a kofi ɗaya tun Baba na da rai, amma ƙanwarsa ce, ba za ta ce a'a ba. Ka tafi mata da wani abu a hannu, ka kuma shirya jin tarihin duk wanda ya mutu a dangi.

Yayanka

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Babu komai tsakaninmu, ban riƙe ka ba. Allah ya ƙara wa bayanka lafiya. Na jinkirta rubutu ne don in gama da komai in faɗa maka gaba ɗaya.

Banki ya biya. Lauya ya kira ni ya mayar da kuɗinka cif, ko sisi bai yi ciwon kai ba, na mayar da su inda suke. Ya ce in sa hannu cewa mun fita daga layi. Na ce ai layin ne ya fita daga gare mu, bai yi dariya ba. Na zagaya wurin dillalai uku da abin da muke da shi. Ɗaya ya nuna mini fili a bayan gari inda mota ba ta zuwa, sauran suka ce in ƙaro.

Mai magani ya zo da kansa ya ce mu ƙara wata guda a kan wa'adi, ba ya son a takura wa Mama. Ta yi masa godiya, ta sa wa jaririyar albarka, ta ce ba za ta ƙara ko kwana ba, mai jego ta fi ta buƙatar wuri. Ranar tashi ta sa na share gidan, ta bi bayana tana nuna mini inda na tsallake.

Mama tana wurin Gwaggo. Ni ina kwana a shagon ogana, tsakanin buhunan siminti, ba laifi. Gwaggo ta karɓe ta hannu biyu, har da kuka, sannan ta nuna mata layin da kayanta ba za su wuce ba a cikin ɗakin. Gado ɗaya ne babba suke kwana, kowa ta juya wa 'yar uwarta baya. Rediyon Gwaggo ba ya mutuwa. Mama ba ta yi ƙorafi ba, abin da ya fi damuna ke nan. In Gwaggo ta tsokane ta sai ta ce haka ne.

Ka san gidan Gwaggo a hawa na uku yake, kuma matakalar a tsaye take. Mama ta taka biyar ko shida ta tsaya, ta dubi sama. Na durƙusa na ce ta hau bayana. Ta ce mutane na kallo. Na ce babu kowa, ta hau. Yaya, na saba ɗaukar buhun siminti in hau da shi bene, na san nauyin abu a bayana. Ba ta kai buhu ba. Ban ko yi haki ba har muka kai. Tun ranar ba ta sauko ba, kuma ba ta ce a sauko da ita ba.

Ta daina tambayar maganar gida. Jiya na fara ba ta labarin wani gida da aka ce za a sa a kasuwa, ta katse ni ta ce yaushe jirginku zai juyo. Na ce ban sani ba. Ta dube ni yadda take duban mu in mun yi ƙarya muna yara, ta gyara ɗankwali, ta ce in rubuta maka tana lafiya. To na rubuta.

Ban san yadda dokar kwantiraginku take ba, ko ana fasawa, ko me ake bari in an fasa. Amma in akwai hutun da za ka iya nema, ka nema yanzu. Kada ka jira sai kuɗin sun kai.

Ƙaninka,
Auta